An Hana Yara, An Bar wa Gara

Wata rana, wata dattijuwa mai suna Hajiya Tabawa ta ɗauki sandarta ta nufi makarantar unguwarsu.

Sunan garin ya kwanta mini, ku yi wa tsoho uzuri. Na dai tuna akwai layin darbejiya a bakin makarantar.

Mijinta, marigayi Malam Mati, malamin gona ne. Mutum ne da in ya je kasuwa sayen gishiri, sai ya dawo da littafi, ya manta gishirin.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, sai ya sa aka zube masa littattafansa a kan tabarma, ya ware su da hannunsa.

Na ƙanana daban: masu hotuna, da tatsuniyoyi, da wani na tsuntsaye da yake ji da shi. Na samari da 'yanmata daban: labaran tafiye-tafiye, da tarihin garuruwa, da yadda injin ban ruwa yake aiki. Sai na manya, har da na ajami, da na kiwon lafiya, da na kiwon awaki.

Ya ce mata, “Tabawa, ki kai wa yara. Ki tabbata sun shiga hannunsu.”

Ta yi masa alkawari. Tana fita takaba ta sa aka loda su a kura, aka kai. Hedimasta, Malam Sallau, ya tara malamai, aka yi hoto, aka yi addu'a.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Abin da ya tayar da ita ranar nan, jikarta ce, Lantana, 'yar aji biyar. Hajiya Tabawa ta tambaye ta ko ta ga littafin tsuntsayen kakanta. Yarinya ta ce, “Wane littafi, Hajiya?”

Shi ya sa ba ta tsaya doguwar gaisuwa a ofishin hedimasta ba, ta tambayi inda littattafan suke.

Malam Sallau ya yi murmushi ya nuna mata kabad a kusurwa, da ƙaton kwaɗo a jiki. Mabuɗin ma sai da aka aika gida aka ɗauko.

Aka buɗe.

Jar ƙasa ce ta fara zubowa. Gara ta yi gini tun daga ƙasa har sama. Hajiya Tabawa ta kai hannu ta ɗauki na tsuntsayen, bango kawai ya biyo ta, cikin ya zube a kan takalminta.

Ta daɗe tana kallonsa.

“Malam Sallau, yara nawa suka karanta wannan?”

“Haba Hajiya! Ai ba mu bari ko taɓawa sun yi ba. Yaran nan ɓarna gare su. In masu duba makarantu suka zo suka ga littafi a yage, ni za a tuhuma.”

“To ita garar, a wane aji take? Na ga ita kaɗai ka yarda wa.”

Malamai biyu da ke bakin ƙofa suka sunkuyar da kai.

Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, tana tsince waɗanda suka tsira. Kayan da kura ta kawo, ga shi mayafi ya ɗauke, har da sauran wuri.

Hedimasta ya ce, “Hajiya, ai sun riga sun zama kayan makaranta.”

Ta ce, “Matsa mini, ɗan nan.”

Ya matsa.

Ana buga ƙararrawar tara ta zauna a inuwa ta baje su. Ba ta ce kowa ya wanke hannu ba. Duk wanda ya matso, sai ta tambaye shi abin da yake so. Mai son dariya ta ba shi tatsuniya. Wani dogon yaro ya ce shi karatu gundurarsa yake yi, injuna yake so, ta miƙa masa na ban ruwa. Har wata malama ta raɓo a kunyace ta ɗauki na ajami, wai za ta kai wa mahaifinta.

Yara suka fi littattafan yawa. Da yawa suka koma aji hannu wofi, suna waiwaye.

Bayan 'yan kwanaki dogon yaron nan ya yi sallama a gidanta, yana ɓoye littafin a bayansa. Bango ya cire, ga tabon manja a shafin farko. Ya tsaya yana jiran faɗa.

Ta ce, “Faɗa mini abin da ke ciki.”

Ya faɗa, tun daga farko har ƙarshe, yana kwatantawa da hannu.

Ta ce, “Allah Ya yi maka albarka. Kai wa na bayanka.”

Darasi:

Ina rubuta wannan raina a ɓace, ni da ba mai yawan fushi ba ne. Muna kulle littafi, sannan mu zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba sa karatu. Me muka ba su? In ma mun bayar, iri ɗaya ne, na jarrabawa, daga ɗan shekara shida har mai gemu.

Ku tambayi yaro abin da yake so kafin ku zaɓar masa. Ƙarami a ba shi mai hoto. Matashi a ba shi wanda zai kai shi garin da bai taɓa zuwa ba. Kai ma babba, nemi naka, su gan ka da shi. In ya yage a hannun yaro, a liƙe da gam, ba a yi asara ba.

Wanda ya san wani kabad da ke kulle, a gida ko a makaranta, ya tura wa mai riƙe da mabuɗin wannan labari.