Rahoton Rafin Garinmu

Da na gama karatun kimiyyar muhalli a jami'a, na yi bautar ƙasa, sai na dawo ƙauyenmu a bayan Godogodo na zauna ina taya Mama shanyar citta. A makaranta malamai sun sha gaya mana aiki na jiranmu a ma'aikatar muhalli, da kamfanonin mai, da wuraren tace ruwa. Ni dai wata bakwai ban ga ko ɗaya ba.

Wata Lahadi bayan sujada, wani dattijon majami'armu ya tare ni a bakin ƙofa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, muna ce masa Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya ce wani kamfani na son fasa dutse a tsaunin da ke gabas da gari, amma doka ta ce sai an auna ruwa da ƙasa, an ji ta bakin mutane, an rubuta rahoto tukuna. Masu rubuta rahoton suna neman 'yar gari mai digiri, shi kuma ya riga ya ba da sunana.

Na yi godiya har da durƙusawa. Sai da na kama hanyar gida na fara tambayar kaina, yaushe Kawu ya damu da ni har haka?

Ofishin yana Kafanchan, ɗaki biyu a saman wani shagon siminti. Ogan mutum ne mai jiki, mai yawan dariya. Na miƙa masa takarduna, ya ajiye su bai buɗe ba. Abu uku ya tambaye ni: ko ina jin yaren garin sosai, ko wane ne mahaifina, da ko mai gari na ganin girmansa. Daga nan ya ba ni kular sanyi mai ƙanƙara a ciki, da kwalabe goma sha biyu, da fom ɗin tambayoyi, ya ce in fara gobe.

Washegari na sauka rafi da sassafe. Mata na wanki, suna ganina da safar hannu da kwalabe hira ta mutu. Mutanenmu sun sha wuya a kan ƙasa, duk wanda ya zo da takarda yana aune-aune ba a ɗauke ido daga kansa. Wata tsohuwa, ƙawar kakata ce tun suna 'yan mata, ta ajiye ƙwaryar accar da take wankewa ta matso.

"Me kike zuba mana a ruwa?"

"Ba zubawa nake ba, Kaka, ɗiba nake. Za a duba lafiyarsa."

"Shi ya ce miki ba shi da lafiya? Wa ya aiko ki?"

Na yi mata bayani da yarenmu, na maimaita da Hausa don baƙin da ke wurin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke tamu ce, shi ya sa aka turo ki." Ta koma kan accarta. Maganar ta tsaya mini a rai yini guda.

Na bi ƙa'ida kamar yadda aka koya mana. Na ɗebi ruwa sama da gari, da wurin wanki, da ƙasa da gari, na rubuta wuri da lokaci a jikin kowace kwalba. Ruwan awo ba ya son jira, don haka ranar na hau mashin na kai kular Kafanchan da kaina. Oga ya ce direbansa zai wuce da ita ɗakin gwaji a Kaduna nan take.

Bayan kwana huɗu na koma da fom ɗin da na cike gida-gida. Oga ya fita sayen katin waya, ya ce in jira shi. Ina zaune ƙafata ta bugi wani abu a ƙarƙashin tebur. Kular ce. Na buɗe, ga kwalabena goma sha biyu da rubutun hannuna, suna iyo a ruwan ƙanƙarar da ta narke. Na rufe da sauri, na gyara zama.

Da ya dawo, ko kallon fom ɗina bai yi ba. Ya ɗauko wani ƙaton littafi mai bango mai sheƙi, ya buɗe shafin ƙarshe, ya miƙo mini biro. Ga sunana an buga, a ƙasa an rubuta cewa ni ce na ɗebo ruwan, kuma ni 'yar asalin garin ce.

"Oga, bari in ɗan karanta."

"Karanta mana, 'yar boko!" in ji shi yana dariya.

Sakamakon awon ruwa duk yana ciki, tsaf, babu abin zargi ko ɗaya. A wani shafi aka ce mutanen garin masunta ne masu kwalekwale. Rafinmu kuwa da rani akuya na tsallake shi. A wani shafin aka ce ba mai shan ruwan rafi, kowa famfo yake sha. Famfonmu ɗaya ne, ya fi shekara a lalace.

"Oga, an kai ruwan Kaduna kuwa?"

"An kai. Direba ya sake zuwa ya ɗebo wani, naki ya ɗan jima."

"Zan iya ganin takardar ɗakin gwajin?"

Dariyar ta ragu. "Ƙanwata, ke sabuwa ce. Makaranta daban, aiki daban. Maganar kwalekwale kuskuren mai buga takarda ne, za a gyara. Sa hannu kawai."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma a garinmu baƙuwar mota ba ta isa rafi ba tare da kowa ya sani ba, ni kuma ban ji labari ba. Na roƙi in tafi da littafin gida, ya ce ba ya fita ofis. Sai na ce to, zan yi shawara da mahaifina.

Na sami Baba a gonar doya yana kafa sanduna. Bai yi boko ba, bai ma taɓa gane abin da na karanta ba, amma ya saurare ni bai katse ni ba.

"Ruwan wa aka ce an auna?"

"Namu, Baba."

"Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba."

"To kada ki yi shaida a kan abin da ba ki gani ba." Ya ɗaure igiya, sannan ya ƙara da cewa, "Wannan Kawun naki, tun bara yake tambayar iyakar gonakin gindin dutse. Na yi ta mamaki, mutumin da ba ya noma."

Da safe sai ga Kawu a ƙofar gida, ko zama bai yi ba. Ya ce na kunyata shi, samarin gari na zaune ba aiki, ni kuma don ɗan karatun da na yi zan kore musu arziki. Na ce, "Kawu, a nuna mini takardar gwaji, yau zan sa hannu." Ya dube ni, ya dubi Baba, ya juya. Ba a taɓa nuna mini ba, ni ma ban sake taka ofishin ba.

Magana ta bazu. Wasu suka ce na hana samari aiki, wasu suka ce ai tun farko da ni aka haɗa baki, rabo ne bai yi mini daɗi ba na fice. Ban san wadda ta fi mini ciwo ba.

Bayan shekara guda aka fara fasa dutsen. Ban san sunan wa aka sa a rahoton ba. Ni kuwa na sami aiki a Kachia, wurin wasu masu haƙa rijiyoyi, ina auna musu ruwa kafin a bar jama'a su sha. Duk zuwana gida nakan ɗebi na rafinmu in auna da kaina. Da damina ruwan ya fi na da duhu, amma har yanzu ban kama abin da zan tsaya a gaban mai gari in nuna ba. Zuwana na Kirsimeti na tarar Baba ya daina kai awakinsa rafi, daga rijiyar maƙwabta yake ja musu. Na tambaye shi ko wani abu ya gani. Ya ce a'a, bai ga komai ba.