Magagarin Baba

A Greensboro ta Amurka ban taɓa haɗuwa da ɗan talaka ba. Duk wanda ka gaisa da shi a masallaci, in ba jikan sarki ba ne to ɗan babban malami ne, ko da kuwa da safe tare kuka yi jidon kwalaye a sito ɗaya a Wendover. Da na ga haka ake yi, ni ma sai na naɗa mahaifina ɗan kasuwa. Shekara bakwai yana fatauci a bakina, alhali yana can Maraɗi gaban zuga-zugi, maƙeri ɗan maƙeri.

Sai na samo masa biza, ya zo ganin jikoki daf da babbar salla. Tun a mota daga filin jirgi na roƙe shi, in an tambaya ya ce kasuwa yake yi. Ya dube ni, ya dubi hannuwansa masu kanta da tabon wuta, ya ce to. Wannan "to" ta fi zagi ciwo, amma na haɗiye ta na ci gaba da tuƙi.

Abu ɗaya ne ba ya fita ba shi, wani magagari na gyaran kaifin ƙarfe naɗe cikin tsumma a aljihun rigarsa. Shi ya sare shi da hannunsa. Ana tausasa ƙarfen a wuta, a kwantar da shi kan uwar maƙera, a sa kurfi da masaba a fitar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya, sara kusa da sara, kafin a gasa shi a tsoma a ruwa. Hannu ya goce sau ɗaya, aikin yini ya tafi.

Ranar layya muka tafi gonar wani tsohon Bature a Summerfield, inda muke sayen raguna. Alhazanmu sun zo da wuƙaƙe sababbi fil, sai ƙyalli. Wani Alhaji, wanda kakansa da takobi ya ci gari in ji shi, ƙullin igiyar ragonsa ya ƙi kwancewa, ya ce bari ya yanke. Ya yi ta gurzawa kamar mai goge. Igiya ko gezau, rago ya tsaya yana kallonsa.

Baturen ya zaro wata wuƙa daga ƙugunsa, baƙa, mai kaurin baya, ba tsini ko kaɗan, kamar an datse mata kai. Dariya ta tashi, wani ya ce ai wannan ta shafa bota ce. Baba bai yi dariya ba. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya kwantar da igiyar kan kututture, ya ɗora kaifin, ya bugi bayan wuƙar da guntun itace sau ɗaya. Igiya ta rabu biyu.

Ni ne tafinta. Baturen ya ce wuƙar ma'aikatan jirgin ruwa ce, ya yi aikin teku da ƙuruciya, kuma ba a yi mata tsini ne don kada jirgi ya girgiza mutum ya soke abokin aikinsa. Baba ya ce ai ya lura, amma kaifin ya yi giɓi. Ya sa hannu a aljihu. Ya zaro magagarin.

Bai daɗe ba ya gyara ta tas. Baturen kuwa ba wuƙar yake kallo ba. Ya karɓi magagarin, ya sa tabarau, ya bi haƙoran da babban yatsa. Ya ce wannan saran hannu ne, kakansa ya bar irinsa, bai san akwai mai yi da ya rage a duniya ba. Ya juyo gare ni ya tambaya wa ya yi shi, mece ce sana'ar babana.

"Me ya ce?" in ji Baba.

Na gaya masa.

"To, ba shi amsa."

Alhazai suka kasa kunne, duk suna jin Turanci. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na buɗe baki na ce ɗan kasuwa ne, saye ya yi.

Alhajin takobi ne ya fara ƙyalƙyalewa. "Haba kai kuwa! Tun ranar da muka yi musafaha da Baba muka san irin komersan ɗin, ɗan kasuwar nan naka. Saura kaɗan ya goge mini zanen tafi!" Ashe kowa ya sani. Ni kaɗai nake gadin asirin da babu shi, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Baba bai nemi a fassara masa komai ba, ya ji komersan ɗin da Alhaji ya kira shi, ya gane amsar da na bayar. Ya karɓi magagarin ya naɗe cikin tsummansa, ya kama hannun Baturen ya danƙa masa.

Muna hanyar gida, nama a bayan mota, da muka kai High Point Road sai na ce masa:

"Baba, ai da ka bar mini shi, ko don yara."

"Da niyyar haka na ɗauko shi tun daga gida," ya ce, yana kallon titi. "Amma me ɗan ɗan kasuwa zai yi da magagari?"