Jatan Landen Kawu Lado

Duk gidan da ka shiga a ƙasar nan, in aka ajiye maka abinci, cewa za a yi ka ci kada ya huce. A duk Bakori gidan Kawu Lado ne kaɗai za a zaunar da kai, kana jin yunwa, a ce ka dakata sai ya yi sanyi. Ku da kuka san shi kun tuna yadda yake yi. Zai ɗora bayan hannunsa a jikin kofin gilashi, ya lumshe ido kamar mai duba zazzaɓin jariri, sannan ya girgiza kai ya ce, "Bai yi sanyi ba." Ko ruwan randa aka kawo masa sai ya yi masa wannan gwajin.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu Lado yayan mahaifiyata ne. Sunan uwarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini har na yi jikoki. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana aikin kuku a gidan Turawan kamfanin auduga a Funtua. Da suka tattara suka tafi, ya dawo gida ya kama noman masara kamar kowa. Abin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba: farar rigar kuku mai maɓallai layi biyu, kofunan gilashi shida masu doguwar ƙafa naɗe cikin tsohuwar jarida, sai kuma wata cuta da muka rasa maganinta, wato jatan lande mai sanyi. Ɗan halittar teku ne, lanƙwasasshe kamar ɗan yatsa, ga gashin baki ga ƙafafu barkatai. Mutanen unguwa ba su wahalar da kansu ba, ƙwarin Kawu suke ce masa.

Kowace shekara in an yi girbi sai ya ware buhun masara guda ya sayar, ya ba wani direba ya taho masa da ƙwarin nan a daskare cikin kula tun daga Kaduna. Ni ce ma'ajiya, domin ina sayar da zoɓo da kunun aya a Funtua, ina da firiza. Ranar da ya ji labarin an ɗauke mana wuta kuwa, sai dai in ji sallamarsa, ya hau acaɓa ya zo dubiya. Ba ya tambayar maigidana, ba ya tambayar yara. Firizar zai buɗe ya dafa ledar, in ya ji ta da tauri sannan ya juyo mu gaisa.

Ranar haɗawa ba a yi masa magana. Zai sa farar rigar nan, ya tafasa ruwa da gishiri da lemun tsami, ya zuba su. Carbinsa ne agogo, zagaye ɗaya ya sauke, ya juye su cikin ruwan ƙanƙara. Sai ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya sa tsinke ya zare wani baƙin zare da ke bayansu. Mayonis na kwalba kuwa ya ce wannan na malalata ne. Da ƙwaiduwar ƙwai da man gyaɗa na masu ƙuli yake kaɗa nasa, ɗigo-ɗigo, har hannu ya sage, ya ɗan taɓa masa tumatirin gwangwani da barkono ya koma ruwan hoda. Ya yanka latas siriri ya shimfiɗa a gindin kofi, ya zuba haɗin, ya rataya jatan lande huɗu a bakin kofi suna leƙen ciki. Ni dai gaskiya abin yana da kyan gani, kuma tun ban saba ba har na saba. Dokarsa ɗaya ce, wannan mabuɗin ciki ne, ba a kawo tuwo sai kofi ya koma wayam.

Shekarar farko ya gayyaci dattawan unguwa zaurensa, har da Liman, har da amininsa Malam Sale wanda gonarsu ke iyaka tun suna samari. Aka jera kofuna a tire. Kowa yana kallon nasa, ƙwarin ma suna kallonsa. Wani ya tambayi Liman ko abin ya halatta, tunda ba a ga alamar an yanka shi ba. Liman ya gyara murya ya ce abin ruwa halal ne, babu ko tantama, kowa ya ci da bismilla, sai dai shi an yi rashin sa'a yau yana azumin nafila. Ranar Laraba ce fa. Kafin ka ce me, mutum huɗu sun tuna su ma da azumi suka tashi. Haka suka zauna ƙamshin tuwo da miyar kaza yana shigowa daga cikin gida, babu halin su ci, tunda da bakinsu suka faɗa.

Da shekara ta zagayo sai Kawu ya ƙi gayyatar kowa, ya bari sai ranar ƙaramar Salla. Ana saukowa daga Idi ya tsaya ƙofar zaure da farar rigarsa, ya tare su. Ya miƙa wa Liman kofi da hannu biyu ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗazu na ji ka faɗa a huɗuba cewa azumi yau haramun ne." Liman ya haɗiye nasa ɗaya-ɗaya ba tauna, yadda ake shan ƙwayar magani, ya yi hamdala mai ƙarfi wadda ba ta ƙoshi ba ce. Wani dattijo ya sulala nasa cikin aljihun babbar rigar Salla, kyanwoyin unguwa suka raka shi har gida. Tun daga nan abin ya zama na ranar Salla, kuma dattawa suka riƙa sauya hanyar dawowa daga Idi, shi kuma yana sauya inda yake tsayawa.

Abin da ya fi yi masa ciwo a duniya, matarsa Inna Asabe ce ta yi masa, kuma da kyakkyawar niyya. Dangin matar ɗansu ne za su zo gaisuwa daga Maska, zuwansu na farko. Kawu ya gama haɗinsa, ya jera kofuna cikin kula, ya dafa ya ji ba su yi masa ba, ya hau babur ya tafi neman ƙarin ƙanƙara. Yana fita baƙi suka iso. Inna ta buɗe kula ta ga abinci sanyi ƙalau, hankalinta ya tashi. Ta ce da wane ido za ta kalli surukai, mutane sun taso tun daga Maska a ba su abu kamar wanda ya kwana? Sai ta juye kofunan nan shida cikin tukunya, har latas ɗin, ta zuba manja da daddawa da attaruhu, ta bar shi ya tafasa sosai, ta malala a kan shinkafa.

Kawu ya dawo da ƙanƙara a bayan babur tana ɗiga, ya tarar baƙi suna suɗe hannu. Suka yi ta sa masa albarka, suna cewa sun daɗe suna jin labarin iya girkinsa, yau sun gani, wane irin kifi ne wannan mai daɗi haka? Karo na farko ke nan da aka cinye abin nan tas har ana neman ƙari. Ya amsa godiyarsu yana murmushin da bai kai ciki ba. Da suka tafi ya shiga ya tsaya kan tukunyar ya daɗe, sannan ya ce, "Asabe, abin nan daga teku ya taso. Ya wuce Kaduna lafiya, ya wuce Funtua lafiya, sai a murhunki ya gamu da ajalinsa." Washegari ya sayo kwaɗo ya sa wa kular, makullin yana ɗaure a jikin carbinsa.

A duk mutanen nan, Malam Sale ne kaɗai bai taɓa yin ƙarya ba. Bai yi azumin ƙarya ba, bai ɓoye a aljihu ba. Duk Salla zai zo ya zauna a gefen damar Kawu, a ajiye masa kofi, ya sa ɗan yatsa ya tura shi gefe ya ce a kawo masa tuwo ko ya tafi gida. Kawu ba ya zubar da komai, ɓawo da kawunan ma shanya su yake a kan rufi, ya daka, ya ba Inna ta riƙa zubawa a miyar kuka. Malam Sale kuwa ba shi da miyar da yake yabo kamar ta gidan nan. Wata rana Kawu ya kasa haƙuri ya tona masa cewa shekara da shekaru ƙwari yake sha. Malam Sale ko a jikinsa, ya ce ai da zafinsu ya sha. Shi ba ƙyama yake yi ba. Maraya ne ya tashi a hannun dangi, abin da aka ci aka rage ya sandare shi ake tura masa, don haka tun ranar da ya yi gidan kansa ya ɗauki alkawari abinci mai sanyi ba zai ƙara shiga bakinsa ba. Kowa ya san wannan, Kawu ma ya sani, amma duk shekara sai ya ajiye masa kofi.

Na taɓa yi masa faɗa a kan haka. Na ce Kawu, buhun masara guda kake kashewa don mutane su riƙa gudunka, ga amininka kana ta matsa masa, me ya yi zafi? Yana zare zaren nan da tsinke, bai ɗago ba ya ce, "Uwata, shekara ashirin ina yin abin nan. In babban baƙo ya zo wa Turawan nan, wanda suke jin kunya, shi ake fara ajiye masa. Ni ina tsaye bakin ƙofa da tawul a hannu. Duk sanda na ajiye kofin nan gaban wani, sai in ce a raina, wannan bai fi Sale ba. Tun a can na yi niyya, in na koma gida sai nawa sun zauna na ajiye musu." Daga ranar ban ƙara yi masa tsiya a kan masararsa ba, kuma na ji kunyar dariyar da na sha yi.

Bara ciwo ya taɓa wa Kawu ɓarin dama, hannu ya daina riƙe ko cokali. Da Salla ta matso ya aiko in taho da ledar, wannan karon ni zan yi. Aka fito da shi tsakar gida a kan kujera, aka yafa masa farar rigar a kafaɗa. Ya ja carbi da hagu ina tafasawa, ya ce latas ɗina na awaki ne, ya sa na sake kaɗa ƙwai har sau biyu. Kofi ɗaya tak ya ce a haɗa. Bai gayyaci kowa ba.

Malam Sale ya shigo bayan Idi kamar kullum, ya zauna a gefen dama. Kawu ya dafa kofin da bayan hannun hagu, ya ce ya yi. Ya so ya miƙa da kansa, kofin ya karkace har ƙwarin na neman zubewa. Malam Sale ya yi sauri ya tare da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon kofin, ya kalli hannun amininsa da ke kwance a cinya. Sai ya yi bismilla ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci, ya ɗauki na biyu. Bai tsaya ba sai da ya kwashe har latas. Kawu ya tambaye shi yaya ya ji.

"Wallahi, Lado, babu daɗi," in ji Malam Sale. "Akwai saura?"

Kawu ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, Inna ta ja mayafi ta shige ɗaki. Ni ban san sanda na tashi na haɗa kofi na biyu ba. Farkon daminar da ta biyo baya, ana cikin shuka, Allah ya yi wa Kawu rasuwa.

Inna ta ba ni kofunan da kular, har da kwaɗon. Na ɗauka shi ke nan an gama. Sai ga shi bana, ana saura mako guda Salla, saƙo ya iso mini daga Malam Sale, wai a tambaye ni ko bana babu ƙwari. Na aika Kaduna, na tafi Bakori na haɗa yadda aka koya mini, na kai masa zauren Kawu inda yake zaune shi kaɗai a gefen dama. Ya karɓa, ya ɗora bayan hannunsa a jikin kofin, ya lumshe ido ya daɗe. Da ya buɗe su sun yi ja. Ya miƙo mini ya ce, "Mayar da shi cikin ƙanƙara, 'yar nan. Bai yi sanyi ba."

Allah ya jiƙan Kawu Lado, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa wasu hidima, ya Allah ka zaunar da shi cikin manyan baƙinka a Aljanna, a ajiye masa nasa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.