Hanyar Solène a Kan Yashi

Firmin Datin ya shekara arba'in da ɗaya yana tsallakar da mutane daga gaɓar Genêts zuwa Mont-Saint-Michel, tsibirin dutse mai gidan sufayen Kirista a kansa, wanda mu nan Dutse kawai muke ce masa. A ƙafa ake tafiyar, ba takalmi, ta kan yashin da teku yake bari idan ya janye, kilomita bakwai da koguna a tsakani. Mahaifiyarsa mai kamun jatan lande ce, ita ta koya masa sanin yashi da tafin ƙafa tun yana ɗan shekara shida. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bai taɓa aure ba, kuma ban taɓa ganinsa ba tare da sandarsa da ɗan littafin lokutan ruwa a aljihun gaba ba. Bai taɓa rasa mutum ko ɗaya ba. In an yaba masa sai ya ce wayoyin mutanen Paris kam ya binne da yawa.

'Yata Solène ta yi shekara shida tana aiki da shi. Shi yana gaban ayari, ita tana baya. Ba mai wuce shi, ita kuma ba ta wuce kowa. Duk kogin da aka haye sai Firmin ya juyo ya ɗaga sanda, ba zai ƙara taku ba sai ta ɗaga hannu daga can baya. Kawu take ce masa. Shi kuma Mai Digiri yake kiranta, don ta je jami'a a Caen ta dawo tana cuɗa laka.

Ba teku ne ya ɗauke ta ba, ko da yake abin da baƙi suke fara zato ke nan. Sanƙarau ne, kwana uku, a watan Janairu. Shekarunta ashirin da tara.

Ni mai awon ƙasa ne, na yi ritaya bayan shekara talatin da biyar ina zana taswira. Ban taɓa tsallakawa da ita ba. Ta gayyace ni a rubuce sau goma sha ɗaya, na ƙirga a cikin saƙonninta, kuma kowane lokaci bazara mai zuwa nake ce mata. Daga tagar ɗakin aikina a Avranches ana hango Dutse, sai na ɗauka abin da ba ya motsi zai jira ni.

Agogon hannunta irin na zamani ne, mai riƙe hanyar da mutum ya bi. Sai bayan shekara ɗaya da rabi na iya buɗe shi. Tsallakawarta ta ƙarshe tana ciki, ta ashirin da takwas ga Oktoba. Na fitar da layin, na buga shi a kan babbar takarda yadda na saba aikina, na ƙudurta zan taka shi daga farko zuwa ƙarshe, ƙafata a inda tata ta sauka. A makon ne na ji cewa Firmin zai ajiye sanda a ƙarshen kaka saboda gwiwa. Tun rasuwarta bai ɗauki wani mai bin baya ba, rage yawan mutanen ayari kawai ya yi.

Na hau kekenta na tafi gidansa. Na same shi a bakin ƙofa yana cin burodi da cuku da wuƙar aljihu. Ya daɗe yana kallon keken kafin ya kalle ni. Na shimfiɗa masa takardar a kan benci.

"Injiniya, wayar lantarki za ka ja wa sufayen Dutse?"

Na gaya masa ko mene ne. Ya ajiye wuƙar, ya goge yatsa a wando, ya bi layin a hankali har ya kai tsakiya.

"Kogin da ta haye a nan ya tashi tun bara. Yanzu ga shi nan." Ya ɗora babban yatsa a wani wuri daban. "Nan kuma da ta taka, in ka taka yau hularka kawai za mu kai gida."

Na ce masa kuskuren na'urar bai wuce mita uku ba. Ya ce bai ƙaryata na'ura ba, yashin ne bai karanta takardata ba, sau biyu a yini teku yake zuwa ya sake shimfiɗarsa. Na san haka tun ina yaro, kowa a nan ya sani. Amma ban taɓa haɗa wannan sanin da layin da na buga ba sai da na ji shi daga bakinsa.

Na fara naɗe takardar. Sai ya ce in zo ranar Laraba da ƙarfe goma, ruwa zai ba mu hanya. Ya ce takarda ta zauna a aljihu, kuma ni ne a bayan ayari. Na ce ban iya aikin ba.

"Ba digiri yake so ba. Kada ka wuce kowa, shi ke nan. Ita ma sai da ta yi wata biyu kafin ta daina gaggawa."

Mu goma sha ɗaya ne ranar, kowa ya rataya takalmansa a wuya. Laka ta farko tana da sanyi da santsi, tana fitowa ta tsakanin yatsu. A gabana akwai wata mata mai jiki daga Lille, ta zo ita kaɗai, tana tafe tana haki tana ba ni haƙuri. Na ɗaura agogon Solène a hannuna, layinta yana kan fuskarsa, ga ɗigon da yake nuna inda nake. Ni da layin mun tashi daga wuri ɗaya. Bayan rabin awa tsakaninmu mita ɗari biyu ne, bayan awa ɗaya ɗari shida. Ina kallon damata, inda Solène ta bi, babu komai sai ruwa mai sheƙi.

A babban kogi ruwa ya kai cinya, yana ja. Matar ta tsaya cak a tsakiya ta ce ba za ta iya ba. Na kama gwiwar hannunta, na ce ta kalli Dutse kada ta kalli ruwan, muka fita tare. Ina sunkuye ina duba agogo sai na ji ayarin ya yi tsit. Firmin yana tsaye can gaba, sanda a sama. Wani saurayi ya ce masa ai duk mun haye, bai ko waiwaye shi ba. Ni yake kallo, ko kuwa wurin da nake tsaye. Sai na tuna, na ɗaga hannu. Ya ɗan jima kafin ya sauke sandar.

Da muka wuce tsibirin Tombelaine hanyar ta karkata, lambobin suka fara raguwa. Ɗari uku, ɗari, sittin. Matar tana gabana tana jan ƙafa, ni kuma ba zan wuce ta ba. Sai Firmin ya tsayar da ayari a kan wani tudun yashi mai tauri, ya ce kowa ya ci abin da ya kawo. Ya tako har inda nake.

"Nawa ya rage?"

"Mita arba'in. Ta can."

Ya tafi shi kaɗai, yana dannawa da diddige, yana soka sanda, yana tsayawa kamar mai sauraro. Na ga yashin yana rawa a ƙarƙashinsa kamar fatar ganga. Ya dawo yana bin sawunsa.

"Talatin zan ba ka. Goman ba nawa ba ne. Ka sa ƙafa a inda na sa."

Muka je. Na tsaya a sawunsa na ƙarshe. Mita goma a gabana yashi ne shimfiɗe, jiƙaƙƙe, babu alamar komai, sai wani ɗan tsuntsu mai dogon baki yana tsattsaga. Agogo ya nuna Solène ta tsaya a wurin minti bakwai ranar, kuma na daɗe ina tambayar kaina dalili. Na tambaye shi. Ya ce tuffa take ci, ta juya wa Dutse baya, wai ta gaji da ganin hotonsa a kan gwangwanin biskit. Avranches take kallo. Wani lokaci takan ce masa ga tagar babanta can, yana zana teku bai taɓa jiƙa ƙafa ba.

Na juya. Ana ganin tudun garin, amma daga nan ba wanda zai iya ganin taga.

Ya ba ni minti biyu, ya duba littafinsa, ya ce ruwa ya juyo.

Na bi bayan ayarinsa sau tara kafin ya ajiye sanda a watan Nuwamba. Kowane lokaci, bayan Tombelaine, yakan zo ya tambaye ni nawa ya rage, ya je ya gwada. Wata rana saba'in, wata rana ashirin da biyar, sau ɗaya kogi ne ya kwanta a kan wurin gaba ɗaya. Mafi kusa da muka je mita takwas ne.

Yanzu da rana yana zama a bakin gaɓa, gwiwarsa a ɗaure, yana kushe sababbin masu jan ayari a ƙarƙashin numfashi. Ya zaɓa mini ɗaya a cikinsu, wadda ya ce aƙalla tana kallon ƙasa, ya kuma gaya mata ni a baya ake sa ni. Jiya na kai masa tuffa a kan keken. Ya ce guguwar hunturun nan ta motsa kogin sosai, yana ganin ya matsa gabas. Na tambaye shi ko hakan zai buɗe wurin da Solène ta tsaya. Ya ce sai an taka a watan Afrilu.