Kajin da Ban Yanka Ba

Shekarar da na yaye ɗana na fari, tun Turawa suna ƙasar nan, tsakar gidanmu a Gwandu cike take da kaji. Daga Kalgo aka kawo ni aure, kuma da kaji biyu na zo, waɗanda mahaifiyata ta saka mini a kwando ranar da za a taho da ni. Su suka yi ta ƙyanƙyasa, har ya zama in na fito da tsaba da safe sai na riƙa ture su da ƙafa kafin in sami wurin takawa. Ba na cin namansu, ba na taɓa ƙwansu. Sana'ata ce. Akwai wani mai sayen kaji daga Kalgo da yakan zo da jaki da manyan kwanduna, ya tsaya a zaure, uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, ta yi ciniki da shi, ya wuce da su Birnin Kebbi inda ma'aikata ke saye.

Akuya mai nono nake son saya da kajin. Yaron ya yi baƙon dauro bayan yaye, ya tashi, amma bai koma yadda yake ba. Wuyansa ya yi siriri, gashin kansa ya yi ja-ja, in an miƙa masa tuwo sai ya kau da kai. Kunu kaɗai yake karɓa, shi ma sai an yi ta lallashi. In ina yi masa wanka, haƙarƙarinsa nake ji a tafin hannuna.

Kuma ba ni da bakin faɗa. A wurinmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa gaban manya, in ya yi kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har kakarsa ta ɗauke shi. Da gefen ido nake kallonsa, ina daka ina kallo, ina shara ina kallo.

Da kaka ta yi, maigida da ƙanensa suka tafi Dalijan yankan dawa, can suke kwana. Gida ya rage ni da Inna da yaron. A cikin kwanakin nan mai sayen kaji ya zo da rana tsaka, ya sauke kwandunansa a zaure, ya roƙi ruwa don kajin da ya ɗauko. Inna ta ce in kawo. Na ɗauki kaskon da kajina ke sha, na cika, na miƙa ta bayan asabari. Ta nan na hango biyu a cikin kwandonsa sun rufe ido, gashinsu ya tashi. Na ce a raina wahalar hanya ce.

Ya ce zai saye nawa duka. Na raɗa wa Inna ta ce masa a'a, sai sun ƙara ƙiba, sai Sallah ta matso.

"Inna, ki gaya ma amarya," in ji shi, yana dariya, "kaza ba ɗiya ba ce, ba a yi mata aure. Ta saida ta huta."

"Kai dai araha kaka biɗa," in ji Inna. "Ɗauki jakinka ka tahi, shi ma ya gaji da surutunka."

Ya tafi. Na mayar da kaskon wurinsa, na ƙara ruwa a kan wanda ya rage. Ban wanke ba. Ba abin da ya nuna mini akwai dalilin wankewa.

Bayan 'yan kwanaki na ga wani zakara tsaye a gindin rumbu, fukafukansa sun sauka, yana gyangyaɗi kamar tsoho bayan azahar. Kashinsa kore, ruwa-ruwa. Yana buɗe baki yana jan numfashi da wani ƙara. Kafin la'asar wuyansa ya murɗe, kansa ya koma baya yana kallon sama. Muka daka barkono muka zuba a ruwa, muka jiƙa sassaƙen maɗaci, maƙwabciya ta aiko da gautan kaji. Duk muka ɗura musu. Washegari wasu suka bi shi. Waɗanda suka mutu mukan jefa bayan danga, kan juji, inda sauran ke zuwa tono.

Ciwon nan yana da wata ɗabi'a da ta cuce ni. Da yamma sai ka ga kaji garau, suna tsattsaga, suna kora juna. Da hantsi sai ɗaya ta tsaya. Kafin rana ta karkata ta faɗi. Kuma lokacin nan ne babu namiji ko ɗaya a unguwa, duk suna gona. Mu kuwa mun tashi mun tarar mace ba ta yanka. Kazar da ba a yanka ba ta zama mushe, sai juji.

Wata rana, ɗaya daga cikin kajin ta kai magariba da sauran numfashi. Inna ta aika aka kira maƙwabcinmu, wani tsoho da ke kiran salla a masallacin unguwa, ya yanka mana. Na fige, na dafa da ɗan gishiri da daddawa. Inna ta zuba romon a ƙoƙo ta ba yaron.

Ya sha. Ya riƙe ƙoƙon da hannu biyu ya sha har yana shaƙewa. Aka ba shi tsoka ya cinye, ya kama ƙashi yana gwaguya, maiƙo har kunne. Da aka karɓe ƙoƙon ya sa kuka, kukan da na daɗe ban ji ba, mai ƙarfi, na mai son ƙari.

"Ka ga ɗan nema," in ji Inna. "Ashe ba ciwo kaka yi ba, mijina, tuwonmu ne ka raina."

Ni kuwa na shige ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na toshe bakina da gefen zane.

Tsohon yana nan zaure a lokacin, bai tafi ba. Da na ce a kama sauran ya yanke su duka, da mun soya mun yi banda, yaron ya yi ta ci har maigida ya dawo. Na leƙa akurki, na gan su sun hau sun kwanta lafiya lau, sai akuyar nan ta faɗo mini a rai. Na ce wataƙila ciwon ya wuce. Da gari ya waye aka ce tsohon ya tafi Dodoru ta'aziyya, kuma zai kwana biyu.

Ranar da ta fi tsaya mini ita ce ta wata babbar kaza mai launin wake-wake, wadda ta fi kowace kwanci. Da hantsi ta tsaya. Na ɗauke ta na sa a inuwa, ina jin zafin jikinta a hannuna. Wuƙar da nake yanka kuɓewa tana kan turmi. Ban san lokacin da na ɗauka ba.

"Ke! Mi za ki yi?" Inna ce, daga bakin ɗakinta.

"Inna, mutuwa za ta yi."

"To ta mutu. Ina kinka taɓa ganin mace da wuƙa a wuyan kaza? Wa za shi ci? Ki so a ce gidanga mushe aka ci?"

Yaron yana zaune a tabarma kusa da ƙafarta. Maganar tana bakina: saboda shi. Kalma biyu. Na dube shi, na dube ta, kunya ta riƙe mini harshe. Abin da ya fito shi ne, "Asara ce, Inna."

"Asara ta Allah ce, ɗiyata. Aje wuƙar."

Na ajiye.

Kada a ɗauka muguwa ce. Ta yafa mayafinta ta tafi bakin zaure ta tsaya cikin rana, tana duban hanya ko Allah zai kawo wani namiji. Mata masu ɗebo ruwa suka wuce, awaki suka wuce. Tana can har kazar ta daina motsi a hannuna. Ta dawo ta dama wa yaron kunu, ya sha kaɗan ya kau da kai.

Haka suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Kafin maigida ya dawo, akurki babu komai sai gashi.

Ya dawo da yamma, ya zauna a kan kujera yana wanke ƙafa, Inna tana ba shi labari. Mutum ne mai sanyin magana, ya ɗan yi karatu a wurin malamai. Da ta zo kan wuƙar, sai ya ɗago.

"Ai da kun bari ta yanka. Yankan mace halal ne, in ta yi bisimilla."

"Mu ba mu gani ga iyayenmu ba," in ji Inna.

"Gaskiya ne, Inna. Amma littahi bai hana ba."

Ya ci gaba da cuɗa diddigensa. Bai san abin da ya yi mini ba. Da ya ce haramun ne, da na sami abin riƙewa.

Daga baya wani malamin dabbobi ya zo garin, ya tara maza a kasuwa, maigida ya kawo mini abin da ya ji. Baƙuwar kaza a ware ta nesa har a ga lafiyarta. Kada a haɗa musu wurin shan ruwa, kada kwandon ɗan kasuwa ya shigo inda kaji suke. Wadda ta kamu a cire ta nan take, wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone. A share akurki, a zuba toka, a bar shi ya huta kafin a sa wasu. Ina jin zancen ruwa na tuna kaskona, na tuna juji. Na bi duk abin da aka ce. Mahaifiyata ta sake aiko mini da kaza daga Kalgo, ita ma sai da na ɗaure ta bayan ɗaki ita kaɗai, Inna tana yi mini dariya wai na sa baƙuwa takaba. Bayan shekaru aka fara zuwa da maganin rigakafi da ake ɗiga musu a ido.

Kaji sun dawo, amma a hankali. Ranin nan duka a kan kunu yaron ya yi shi. Ya sake kwanciya sau biyu, ƙafafunsa suka kumbura, tafiyar da ya fara ya daina, ya koma rarrafe. Akuyar ba ta shigo gidan ba sai da na yi goyon ƙanwarsa, kuma ita ta sha nonon.

Allah ya raya shi. Yau da furfurarsa da jikokinsa. Ƙannensa duka sun fi shi tsawo da kauri, har matan. Mutane kan ce dangin ubansa ya ɗauko, wai akwai wani kakansu da yake haka, ɗan ƙarami. In an faɗa nakan ce haka ne.