Ranar Da Na Fesa Wa Fijo Fuska

Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamar fesa fentin nan ba. Na sauke inji da hannuna, na wuni a daji da karyayyen sifirin tsakanin Onkulu da Jugu, amma wata roba da ba ta kai tsawon tabarmar salla ba ita ta fi ci mini rai.

Zamanin juyin juya hali ne, kowa kamarad, har mai tallan goro. Ina ɗaukar fasinja tsakanin Paraku da Jugu da wata Fijo mai dogon baya, wadda kawuna na Jugu ya sakar mini da idonsa ya yi rauni. Injinta ya mutu farkon damina. Ta daɗe a ƙofar gidanmu a unguwar Titiru, rana na dukanta, kaji na fakewa a ƙarƙashinta. Da na samu ta tashi, na kai ta tasha in koma layina. Wanda ba shi da layi a tasha ba direba ba ne, ɗan tsintar fasinja ne a bakin hanya, kullum shi da jandarma.

Sakataren sandikanmu, wato ƙungiyar direbobi, ya zagaya ta, ya zo gaba ya tsaya yana kallon kalandir, wato robar nan mai ratsi-ratsi da ke tsakanin fitilu. Asalinta baƙa ce. Mu direbobi kowace safiya mukan goge ta da tsumman baƙin mai don ta yi ƙyalli, haka muka tarar ana yi. Ranar ma na shafa, amma rana ta riga ta cinye ta, ta koma toka-toka kamar diddigen manomi, man ya shiga nan ya ƙi can.

"Kamarad, wannan mota ce ko daga kabari ka tono ta?"

"Inji sabo ne, kamarad sakatare. Ka saurara ka ji."

"Fasinja ba ya hawa da kunne." Ya nuna wani saurayi da ya shigo da mota mai sheƙi daga Najeriya, yana jiran gurbi. "Gobe da safe ka kawo ta. In fuskar nan ba ta sha fenti ba, shi zai yi lodin Jugu."

Daga nan kasuwar Arzeke na nufa. Masu fenti na garaji ba sa taɓa aikin kwana ɗaya, don haka na je wurin wani ɗan Sakkwato mai kayan mota. Ya ɗauko mini gwangwanin fesawa guda biyu, mu bom muke ce musu.

"Ka girgiza har ka ji ɗan ƙwallon ciki yana kuka, sannan ka danna."

"Zai kama roba?"

"Oga, ko ruwa ka fesa wa zai kama."

Na dawo gida, na kwance kalandir, na jingina ta da bangon tsakar gida. Ban ko wanke ta ba, na dai karkaɗe ƙura da hulata. Matata ta shanya yankakkiyar doya a kan tabarma can gefe, wadda za ta daka ta yi garin tuwo. Na ga doyar. Na ce a raina ai da nisa.

Fesawar farko daɗi gare ta. Baƙi ya kwanta sumul, na ja da baya ina murna. Kafin in ajiye gwangwanin sai na ga fentin yana gudu da kansa, yana buɗe ƙananan ramuka kamar idon kifi, ko'ina. Na ƙara fesawa don in rufe su. Suka sake buɗewa, fentin kuma ya fara tsiyaya daga ratsi zuwa ratsi. Na ƙara. Haka na ƙarar da gwangwani guda a kan abin da ba ya kamawa, yatsana ya ƙage, kaina yana juyawa da wari.

Sai da na tsuguna na taɓa na gane. Man da na yi shekaru ina shafa mata ne ya shige jikin robar, ga kuma na safiyar nan a sama. Fenti ba ya zama a kan mai.

Matata ta fito daga madafa, ba ta kalle ni ba, doyarta ta nufa. Iska ta kai mata feshin, rabin tabarmar ya yi ɗige-ɗigen baƙi.

"Maigida, baƙin tuwo kake marmari?"

"Ki kankare."

"In kankare. To. Kai ma ga naka can yana jiran kankara."

Gaskiya ta faɗa. Na ɗebo isansi, wato fetur, daga tanki na jiƙa tsumma. Fentin ya narke ya zama kwaɓa, ya shiga kowane lungu na ratsin, ya hau hannuna har gwiwa. Da na matsa a wani gefe sai robar kanta ta fara yin laushi tana fari. Na daina. Na ɗebi toka a murhu da ruwan zafi, yadda ake wa tukunyar mai, na zauna da soso da tsinken tsintsiya ina bin ratsin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba su ƙarewa. La'asar ta same ni a nan, na yi salla da baƙin farce.

Sai jiran ta bushe. Na kasa zama. Na fita waje na duba motar, ba fuska, lagireto a fili kamar bakin da aka cire wa haƙora. Na dawo. Na ɗaga robar na juya ta, ruwa ya ɗigo daga lungu. Na kaɗa ta a iska. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na riƙa kallonsa ina tunanin saurayin nan, yadda zai zauna a gurbina a ƙarƙashin mangwaron tasha, da yadda zan shiga Jugu in gaya wa kawu.

Gwangwani ɗaya ya rage. Wannan karon na rataye kalandir da igiya a cikin zaure, na tsaya nesa, na fesa kaɗan-kaɗan. Ya kama. Ba duka ba, amma ya kama. Gefen dama ya yi kyau har na ji kunyar na hagu, inda gwangwanin ya fara tari yana tofi kafin ya mutu. Na girgiza shi, na kifa shi, iska kawai.

"Ka bar ta haka nan," in ji matata. "Ka zo ka ci abinci."

Na ci loma biyu na koma zaure. Ina so in san ko ta bushe. Na sa babban yatsa a tsakiya, daidai inda ido ke fara sauka. Ba ta bushe ba. Shatin yatsana ya zauna daram.

Washegari bayan asuba na fito da ita haske. Dama na ƙyalli, hagu ya dushe, wurin da isansi ya ci ya yi kirci, ga yatsa a tsakiya. Na ɗaura ta. Na tsaya ina kallo, sannan na buɗe but na ɗauko tsohon tsummana na baƙin mai, na goge ta tun daga wannan fitila har waccan. A kan fenti man ya kwanta bai ɗaya, duk ta yi baƙi ƙirin.

A tasha sakatare ya goga yatsa, ya duba.

"Fenti na ce, kamarad, ba miya ba."

"Fentin na ƙasa. Ka sa farce."

Ya sa farce, baƙin fenti ya biyo. Ya share yatsan a kafaɗar rigata, ya juya ya tafi wajen mai shayi. Na ja motar ƙarƙashin mangwaro, na buɗe ƙofofi, na fara kiran Jugu.