Muryar Baba a Wayar Banda

Sana'ar gidanmu bandar kifi ce, a bakin ruwa kusa da Wara. Da na gama karatun kwamfuta, Baba ya ce tunda da kifinsa na yi ilimi, in yi masa abin da zai riƙa sanin kwandon da ya hau banda da wanda ya sauka. Akwai manhajar da ake saya a shirye, amma Turanci kaɗai take ji, matan da ke mana aiki kuwa ba su yi boko ba. Sai na zauna na haɗa tamu, na saka a wayar da ake aikin banda da ita: ka taɓa hoton kifi, murya ta faɗi sunansa.

Baba ne ya yi muryar. Na ce suna kawai zai faɗa, amma ina! A kan tarwaɗa sai da ya ƙara da, "Ku juya ta, kak ku ƙona man dukiya." A kan giwan ruwa tari ya sarƙe shi, ya fashe da dariya, ya hana ni gogewa.

Bayan rasuwarsa aure ya kai ni Birnin Kebbi. Manhajar ta fara laulayi, ni kaɗai ce likitarta. Yayana, wanda sana'ar ta koma hannunsa, ya kira ni.

"Ƙanwata, wagga aba taki ta gaji. Shiryayya za mu saye, wadda ba sai an jira ki ba."

Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya bari in zo in kwashe muryar, domin a wayar kaɗai ta rage, kwamfutar da na yi aikin da ita ta daɗe da mutuwa. Dillalai suka matsa masa, bai jira ba. Ya kai wayar wurin mai gyara a Yelwa, aka wanke ta tas, aka saka sabuwar manhajar. Tana aiki lafiya lau, ba zan yi mata ƙarya ba.

Da na zo gida, Inna ta tare ni da wayar a hannu. Ashe kullum da safe, kafin a hura wuta, takan karɓa ta taɓa giwan ruwa. Yayana ya ɗauka kaya take dubawa.

"Ke da kinka yi karatun abin," ta ce, "maido man shi. Ko tarin nan kaɗai."

Na karɓa na yi ta latse-latse, ina sane babu abin da zan samu. Ita kuwa ta gyara zama kusa da ni, ta kawo kunnenta.